Kilo Biyu da Ba Nata Ba

A layinmu ni ake kawo wa takarda. Wasiƙar asibiti, fom ɗin neman aiki, sanarwar masu wuta, duk abin da ke da gurbin cikewa ƙofarmu yake zuwa. Na gama kwaleji da sakamakon da babu wanda ya kamo ni a ajinmu, na shekara biyu ina yawon kai takardu ofis-ofis, ko kujerar jira ba a cika ba ni ba. Sai mutanen layi suka ba ni nasu aikin, suka haɗa mini da suna: Sakatariya. Wasu da girmamawa suke faɗa, wasu da baki a karkace. Duka nake amsawa, kaina a sama.

A farkon zangon karatu wata ƙungiya ta ɗauki nauyin ciyar da yara a firamaren unguwarmu. Kwano sittin kullum, a makarantar da ke da yara sama da ɗari huɗu. Aka raba fom ga duk mai so. Sunan yaro, shekarunsa, aikin uba, yawan mutanen gida, sai gurbi na ƙarshe: sau nawa yaron ke cin abinci a rana?

Kwana uku ban huta ba. Mata suka riƙa zuwa da fom a naɗe cikin gefen zane, ni kuma ina zaune a benci bakin ƙofa, biro a hannu, littafi a cinya. Arba'in da ɗaya na cike.

Matar Mai Shago ta zo rana ta biyu. Ta zauna har bencin ya yi ƙara.

"Sakatariya, a can ƙasan sa ɗaya."

"Ɗan naki da na gani ɗazu da burodi a kowane hannu?"

"Wannan ai taɓa ka lashe ne, ba abinci ba. Ke dai sa ɗaya. Cikinki ne ko nasa?"

Na sa ɗaya. Ba ita kaɗai ba ce. Wasu gaskiya suka faɗa, suna faɗa suna kallon ƙasa. Wasu suka rage, suna ragewa suna kallon idona. Ni dai abin da aka ce shi na rubuta.

Fom na ƙarshe na Auta ne, ƙanwata, 'yar shekara takwas, aji uku.

A lokacin wata bakwai ke nan da mota ta zame daga kan jak ta danne Baba a gareji. Bakanike ne, hannunsa kowa ya san shi, amma tun ranar yana kwance a ɗakin ciki, sai an kama shi yake zama. Mama tana ɗinki, sai dai ɗinkin ya zama na gyaran zif da ƙarin tsawon siket. Sau ɗaya muke ɗora tukunya, bayan la'asar. Wata rana shinkafa ce, wata rana wake, wata rana ruwan shayi da burodin jiya. Akwai ranakun da ba a ɗora ba ma.

Babu wanda ya sani, don mun iya. Mama tana goge kayan makarantar Auta har kari ya fito kamar wuƙa. Ni nake wanke mata takalmi, in shafa mata mai a fuska da leɓe kafin ta fita, don kada bakinta ya yi fari. Ni kuma na koya mata amsa. In aka ce ta zo ta ci, ta ce ta ƙoshi. In aka tambaye ta me aka dafa a gida, ta ce ta manta. Ta iya wannan karatun fiye da lissafi.

Ina riƙe da fom ɗinta na tambaye ta wa ake kai wa.

"Malamarmu," in ji ta. "Kowa malamar ajinsu."

Malamar su Auta ajinmu ɗaya tun sakandare. Duk jarrabawar da aka yi ni ce ta ɗaya, ita ke bina, har na raɗa mata Ta Biyu, sunan ya bi ta. Ita ta samu aikin koyarwa, ni ban samu ba. Yanzu in mun haɗu a hanya ita ke fara gaisuwa, da wata murya mai taushi wadda ta fi zagi ciwo a kunnena. Na hango ta zaune a teburinta tana buɗe fom, tana gane rubutuna, tana gangarawa zuwa gurbin ƙarshe.

Na rubuta uku.

Auta tana tsaye a kafaɗata. Ta iya karatu. Ta dubi lambar, ta dube ni, ta ninke takardar ta sa a jaka.

Na gaya wa kaina ba komai. Kwano sittin ne, mabuƙata sun fi haka, mu kuwa ba mu saba miƙa hannu ba. Baba zai tashi, ni zan samu aiki. Haka na riƙa faɗa wa kaina har kwana huɗu.

Rana ta biyar na buɗe littafin Auta don duba aikin gida. Rubutunta mai kyau ne, ni na koya mata. Shafin safe tsaf yake, kowane harafi a kan layinsa. A darasi na uku sai rubutun ya fara girma, ya karkace, kalma ta tsaya a tsakiya, sai wani dogon zanen fensir da ya gangara har ƙarshen shafi. Na koma baya. Jiya haka. Shekaranjiya haka. Sati biyu a jere, a darasi ɗaya.

"Auta, mene ne wannan?"

"Fensirin ne yake zamewa."

"Barci kike yi a aji?"

"A'a, Yaya. Allon ne yake yin duhu. In na sa kaina a tebur sai ya dawo."

Ta faɗa kamar mai ba da labarin ruwan sama. Na kama hannunta don in jawo ta kusa, sai babban yatsana da manuni suka haɗu a damtsenta, har da saura. Kullum ni nake shafa mata mai, amma fuska nake shafawa. Ban san yaushe rabona da in riƙe ta ba.

Washegari na sa rigata mai kyau na tafi makarantar lokacin tara. Na shirya maganar tun a hanya: kuskure na yi a fom, ina so in gyara. Kalma tara kacal. Na sami malamar su Auta a ofishin malamai tana buɗe kular abinci, ƙamshi ya cika ɗakin. Wasu malamai biyu suna gefe suna hira.

"A'a, manyan baƙi. Bismillah, zo mu ci."

"Na ƙoshi."

"To zauna mana. Lafiya dai?"

Malaman nan biyu suka juyo. Ɗayarsu tana kallon takalmina.

"Na zo ne in ji yadda karatun Auta yake."

Ta rufe kular. Ta ɗan jima tana kallona.

"Karatunta babu laifi. Sai dai tana yawan kwantar da kai kafin tara. Na tambaye ta, ta ce ciwon kai ne." Ta rage murya. "Komai lafiya a gida? Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi. Komai lafiya lau."

"Kin tabbata babu abin da zan iya yi?"

"Ki dai kula da koyarwarki, Ta Biyu. Na ga an yi kuskure a makin da aka ba ta na lissafi."

Babu wani kuskure. Na fito. A bakin get na tsaya, na juya, na yi taku uku zan koma, sai aka buga ƙararrawa. Na tafi gida.

Ranar Litinin Hedimasta ya aiko a kira ni.

Dattijo ne mai gilashi a kan hanci, teburinsa cike da fom, an ware wani tari gefe guda an ɗora masa dutse. Na gane tarin tun daga ƙofa.

"Ke ce Sakatariyar?"

"Haka suke cewa, ranka ya daɗe."

"Rubutunki yana da kyau. Shi ya tona ki." Ya ɗaga dutsen. "Arba'in da ɗaya da hannu ɗaya. Talatin da huɗu sun ce sau ɗaya. Ko dai layinku ne ya fi ko'ina yunwa a garin nan, ko kuma bironki ɗaya kawai ya iya rubutawa."

"Abin da iyaye suka ce shi na rubuta. Ba a ce in shiga kicin ɗin kowa in leƙa tukunya ba."

"Kina da baki."

"Ina da gaskiya."

Ya yi murmushi, ya shiga juya takardun, ya zaro ɗaya.

"A nan kam na yarda. Wannan ta ƙanwarki ce ko? Sau uku. Ga uba a kwance, amma ba ki ce bari in cusa tawa ba. Da kowa zai yi haka da na huta." Ya ajiye ta gefe, nesa da sauran. "Wannan ta fita. Allah ya yi albarka."

Bakina ya buɗe. Na ji iskar ta shiga. Mutumin yana kallona da fuskar da rabon wani babba ya kalle ni da ita tun ranar da aka ba ni kyautar ɗaliba ta ɗaya. Na rufe bakin.

"Amin," na ce.

Ya ce tunda takarda ta ƙi faɗin gaskiya, ya roƙi a turo ma'aikaciyar jinya da sikeli ranar Alhamis. Tana da kati mai jan layi na kowace shekara. Yaron da nauyinsa ya faɗi ƙasan layin shi za a fara ɗauka, har kwano sittin su cika. Daga nan an rufe sai baɗi.

"Wa za a auna?" na tambaya.

"Ni masu ɗaya da biyu na ce. Amma malamar aji uku ta kafe sai an auna duk wanda ya kawo fom. Ta cika ni da magana har na yarda."

Na san dalilinta. Na ji haushinta, na kuma ji kamar in durƙusa in gode mata, duka a lokaci guda.

A hanya na ji wani sauƙi wanda har yau nake jin kunyarsa. Sikeli zai yi maganar da na kasa. Za a auna Auta, za a ga abin da yatsuna suka gani, za a sa sunanta, ni kuma ban ce wa kowa komai ba. In an tambaye ni sai in ce yarinya ce marar jiki tun haihuwa.

Sauƙin bai kai yamma ba. In ba ta faɗa ƙasan layin ba fa? Ban san inda layin yake ba. Na riƙa kallon Auta ina auna ta da ido: in ta tsuguna, in ta ɗauki bokiti, in ta miƙa hannu. Na riƙa kallon 'ya'yan mutane a layi ina ƙirga waɗanda suka fi ta rama. Ranar Laraba wata mata ta karɓi ɗinkinta, Mama ta sayo ƙwai uku ta dafa, ta ba Auta biyu. Ina kallon yarinyar tana ɓare ɓawon a hankali, sai na kama kaina ina tunanin da ma a bari sai jibi. Na tashi na fita tsakar gida na wanke fuskata.

Auta kuwa ta yi shiru a kwanakin nan. Da ta dawo ranar Talata ta ce Hedimasta ya yi magana a taron safe.

"Me ya ce?"

"Ya ce sikeli ba ya karɓar cin hanci. Ya ce duk wanda aka yi wa ƙarya a fom za a gane, kuma wanda ya rubuta zai yi bayani gaban kwamiti."

"Da masu rage lamba yake," na ce. Ina ninke kaya, ban ko ɗago ba.

Ranar Alhamis ta riga ni tashi. Ta shiga banɗaki da kayanta ta sa a can, ta ce ta girma, ba sai na taimaka mata ba. Ko man ma da kanta ta shafa. Mama ba ta iya barin Baba, don haka ni na raka ta. Tafiyar minti goma ce, muka yi ashirin. Tana tafiya ƙafa a ware, tana tsayawa.

"Cikinki ne?"

"A'a."

"Jiri?"

"A'a, Yaya. Mu je."

Na ɗauka raunin ne ya ƙaru. Tsoro ya kama ni, kuma a ƙarƙashin tsoron wani abu yana cewa to, ai sikeli zai gani.

A barandar ofis aka ajiye sikelin, irin mai allon gilashi da lambobi. Nas ɗin wata doguwar mata ce mai saurin hannu, tana zaune da katinta da rajista. Hedimasta yana gefenta. Yara sun yi layi aji-aji, an cire takalma an jera a bakin baranda. Iyaye mata sun cika inuwar bango, rabinsu 'yan layinmu.

"Ga Sakatariya," in ji Matar Mai Shago. "Ke me ya kawo ki? Ku da kuke ci sau uku."

"Na zo in ga yadda ɗaya take auna," na ce. Mata suka yi dariya, ita ma ta yi.

"Ƙashi ne da shi, irin na gidan ubansa. Ƙashi kuwa nauyi gare shi. Ai ya kamata a cire na ƙashi."

Nas tana kiran lamba da ƙarfi, malamin kowane aji yana maimaitawa, tana duba kati, ta ce ƙasa ko sama. Duk wanda aka ce wa ƙasa sai ka ji uwarsa ta sauke numfashi. Ban taɓa ganin wuri irin wannan ba, inda uwa ke addu'ar a ce ɗanta bai kai ba. Ina ƙirgawa a zuciya. Kafin a gama aji biyu an ce ƙasa sau ashirin da shida.

Aka zo aji uku. Na gane inda layin yake daga yaran da suka riga ta: 'yar shekara takwas mai kilo sha takwas da rabi an ce ƙasa, mai sha tara da ɗigo biyu an ce sama. Ta Biyu tana tsaye da rajistar ajinta, ba ta kalle ni ba.

Auta ta hau. Ta miƙe tsaye ƙyam, haɓa a sama, yadda na koya mata tsayuwa gaban mutane.

"Sha tara da ɗigo takwas," in ji Nas. Ta duba kati. "Sama. Na gaba."

Ta Biyu ba ta maimaita ba. Ta ɗago ta dube ni.

Kafin ta sauko, Auta ta juyo tana nemana cikin mata, da ta gan ni ta yi murmushi, irin na wadda ta ci jarrabawa. Ƙafarta ta taɓa siminti, sai na ji wata 'yar ƙara, ƙaramar ƙara ta ƙarfe a kan ƙarfe. Na girma da wannan ƙarar. Ita nake ji duk yamma in Baba ya dawo ya zube aljihunsa a kan tebur. Na dubi ƙugun rigarta, inda karin guga ya kamata ya sauka a miƙe. Bai sauka a miƙe ba.

Biron Nas ya riga ya taɓa rajista. Yaro na gaba ya ɗaga ƙafa.

"A dakata," na ce.

Ba a ji ni ba. Na fito daga inuwa, na tsallake takalman yara, na hau baranda.

"A dakata. A sake auna ta."

"Ke wace ce?" in ji Nas.

"Yayarta."

"Yaya, sikelin nan ba ya canza ra'ayi. Akwai yara tamanin a bayanta."

"Sakatariya," in ji Hedimasta, "taki ai ba ta cikin lissafi tun farko. Ke da kanki kika rubuta uku. Mene ne kuma?"

Na so in ja shi gefe. Na so in ce a ba ni minti ɗaya a cikin ofis, a rufe ƙofa. Amma Nas ta riga ta yafito yaron, kuma na san in layin nan ya wuce Auta ba zai dawo ba. Ina jin idon matan layinmu a bayana kamar zafin murhu.

"Ƙarya na rubuta," na ce.

"Me kika ce?"

Na juya yadda kowa zai ji. In dai zan faɗa, ba zan faɗa kamar ɓarauniya ba.

"Ƙarya na rubuta, ranka ya daɗe. Sau ɗaya take ci. Wata bakwai ke nan. Wata rana ko ɗayan babu. Ba ta karyawa take zuwa makarantar nan, kuma ni na hana ta faɗa. Ni na sa uku, ba wanda ya sa ni."

Na durƙusa gaban Auta. Ta ja baya, ta riƙe rigarta da hannu biyu.

"Yaya, kar ki."

"Saki."

"Za su kai ki kwamiti. Ya ce wanda ya rubuta zai yi bayani. Na sa ya zama daidai, Yaya, ai ya zama daidai."

Sai a lokacin na gane. Ukun da na rubuta take ƙoƙarin karewa. Amma hannuna bai tsaya ba. Ta Biyu ta zo ta tsaya a bayan Auta, ta buɗe mayafinta ta kare ta daga idon mutane. Na ɗaga rigar. Doguwar safar Baba ce ta aiki, guda biyu, an ƙulla su baki da baki an ɗaure a ƙugu, an cika su da notuna da kusoshin inji daga akwatin kayansa. Ta ja ƙullin sosai don kada ya zame. Fatar wurin ta yi ja, ta kumbura, a ƙashin ƙugu har ta ɗan saluɓe. Da wannan ta yi tafiyar minti ashirin.

Ƙullin ya ƙi kwancewa. Nas ta miƙo almakashi. Na yanke. Safa ɗaya ta kuɓuce mini, notunan suka zube a siminti, suka gangara ta ko'ina, wasu har cikin takalman yara. Wani yaro ya fara dariya, malaminsu ya daka masa tsawa.

"Hau," in ji Nas. Muryarta ta sauya.

Auta ta hau tana kuka marar sauti. Wannan karon ba ta ɗaga haɓa ba.

"Sha bakwai da ɗigo bakwai." Ba ta ko duba katin ba. "Ƙasa."

"Sha bakwai da ɗigo bakwai," in ji Ta Biyu, ta rubuta.

Hedimasta ya cire gilashinsa ya goge.

"Shekara talatin ina aikin nan," ya ce. "Na ga masu cire wa yaro riga don ya yi sauƙi. Ban taɓa ganin wannan ba. Za ki zo gaban kwamiti ranar Asabar, ke da bayaninki."

"Zan zo."

Na tsuguna na tsince notunan ɗaya bayan ɗaya. Kayan aikin Baba ne, ba zan bar ko ɗaya ba. Da na zo wucewa Matar Mai Shago ta miƙo mini guda biyu da suka gangara wajen ƙafarta.

"Ke ma dai," ta ce. "Katanga ɗaya ce tsakaninmu."

"Na gode," na ce. Na karɓi notunan, ban tsaya jin sauran ba.

Kafin in kai gida labari ya riga ni. Mama tana zaune gaban keken ɗinki, ba ta taka shi. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ce in kawo ruwan ɗumi da gishiri, ta kwantar da Auta a cinyarta tana gasa mata ƙugu. Daga ɗakin ciki Baba ya kira ni. Na kai masa notunan a cikin kwano. Ya ɗauki ɗaya, ya juya shi a yatsunsa, ya daɗe.

"Manyan ta zaɓa," ya ce. Ya juya fuskarsa bango.

Ranar Asabar na tsaya gaban mutum biyar na maimaita abin da na faɗa. Suka tambaye ni cikin sauran arba'in ɗin wa ya yi ƙarya. Na ce tawa na zo faɗa, ta kowa tana bakinsa, kuma ai sun riga sun auna. Ɗaya daga cikinsu ya ce fom mai ƙarya a ƙa'ida watsar da shi ake yi, da shi da sunan da ke kai. Suka ce in fita in jira. Na zauna a benci a baranda kusan awa guda, ina jin muryoyi ta taga ba na jin kalmomi. Sau biyu na ji muryar Ta Biyu ta ɗaga. Da suka fito ba su ce mini komai ba sai dai a duba allon sanarwa ranar Litinin.

Auta ba ta yi mini magana ba tun Alhamis. In na shigo ɗaki sai ta fita. A ajinsu an fara kiranta Gareji.

Litinin tun kafin a buɗe get ina wurin. Masinja ya fito da takarda biyu ya manna. Mata suka taso, aka matse ni da allo. Na bi sunayen da yatsa daga sama. Takardar farko ta ƙare babu ita. Na koma ta biyu. Tana nan, lamba ta talatin da takwas, an rubuta sunan Baba ba daidai ba. Na karanta sau uku. Wata mata ta ja hannuna ta ce in duba mata nata, ba ta iya karatu. Na duba mata. Babu shi. Na gaya mata, na tsaya tare da ita har ta daina tambayata ko na duba da kyau.

Da rana Auta ta dawo. Ta ajiye jaka, ta cire takalmi, ta zauna a bakin ƙofa tana kallon waje. Akwai ɗigon miya a wuyan rigarta. Na zauna a ɗaya gefen, ban matsa kusa ba.

"An ba ku?"

Ta gyaɗa kai.

"Kin cinye?"

Ta sake gyaɗawa. Ta ɗan jima tana wasa da yatsun ƙafarta.

"Gishirin ya yi yawa," ta ce. "Kuma mai rabon tana da son kai. 'Yan aji shida take cika wa."

"Gobe ki tsaya kusa da gaba."

"Ba a haka. Da lamba ake kira."

Ta tashi ta shiga ciki, na ji tana tambayar Mama ko za ta iya zuwa wasa gidan su ƙawarta kafin la'asar.